TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 6): Kakuri, garin masaƙu

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa a wannan makon. Makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya baro ƙauyenmu na wajen Bakori, ya hau jirgin ƙasa a Funtua ya sauka Kaduna yana saurayi, ba shi da kowa sai wani kawunsa mai gadi. Toh yau kafin in shiga zancen makarantata da aurena sai na tsaya na ba ku labarin unguwar da aka haife ni tukuna, don in ba ku san Kakuri ta wancan lokacin ba, abubuwa da yawa da zan faɗa nan gaba ba za ku gane daga ina suka taso ba.

Ni dai har yau in aka tambaye ni 'yar ina ce sai in ce 'yar Kakuri, ba na fara cewa Kaduna. A wurinmu muna yara Kaduna ita ce can tsallaken gada, inda gwamna yake da manyan ofisoshi da babbar kasuwa, mu kuma muna kudancin kogi, mu da Makera da Nasarawa da Kurmin Gwari, kuma duk wanda ka gani a wannan yankin ko dai yana aiki a masaƙa, ko yana sayar wa masu aikin masaƙa wani abu, ko yana ba su hayar ɗaki. Asalin wurin na Gbagyi ne, su Turawa suka tarar da suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, kuma har muka taso akwai tsofaffinsu da gonakinsu a gefen gari, matansu na ɗauko itace da doya a kafaɗa suna shigowa kasuwa. Abin da ya fara jawo baƙi wannan gefen shi ne jirgin ƙasa, don nan ne babbar tasha take inda layin Legas da layin da ya fito daga gabas suke haɗuwa. Amma abin da ya mai da Kakuri gari sosai masaƙa ce.

A 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki, zamanin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead and Sons, mutanen yankin Lankasha, inda su can ma garuruwansu na masaƙu ne tun kaka da kakanni. Lissafin Sardauna a fili yake, auduga tamu ce, a Funtua da Malumfashi da Gusau da Zariya ake noma ta, a gurje ta a loda a jirgi a kai Ingila a saƙa a dawo mana da ita mu saya da tsada, toh me zai hana a saƙa ta a gida. Akoko suka fara yi, wannan yadin marar rini da talaka ke ɗinka riga da wando da shi. Da aka ga abin ya karɓu sai wasu suka biyo baya cikin shekarun 1960, Nortex da Norspin, sai Arewa Textiles da Japanawa suka kafa, sai UNTL ta 'yan Caina na Hong Kong wadda ta zo ta fi kowa girma, ita ce mai atamfa, har ta yi rassa a Gusau da Funtua. Daga baya aka samu Finetex da Supertex da Unitex. Ga kuma kamfanin makamai na soja, ga Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a 1975, duk a wannan yankin. Wallahi yaran yanzu in ina ba su labari gani suke kamar ƙari nake yi.

Baba ya samu shiga ɗaya daga cikin waɗannan masaƙun yana lebura mai share ƙasa, ba shi da takardar makaranta ko ɗaya sai allo da ya yi a ƙauye, a hankali aka mai da shi mai sa zare, daga nan aka ba shi injinan saƙa yana kula da su, kafin ya bar aiki ya kai helma a sashensu. A lokacin ba sai kana da wani babba ba, ka je bakin get da sassafe ka tsaya a layi, in ana neman hannu a duba lafiyarka a ɗauke ka.

Mu agogonmu jiniya ce. Aiki kashi uku ne, masu safe da masu rana da masu dare, injin ba ya tsayawa sai dai mutane su canji juna, kuma duk canjin aiki sai an busa jiniya. Da ita Inna ke sanin lokacin ɗora tukunya, da ita muke sanin mun makara makaranta, hatta mai jego ta san in ta dare ta busa toh mai gida ya kusa ƙwanƙwasa ƙofa. In aka tashi masu safe da ƙarfe biyu kuwa kar ka kuskura ka ce za ka tsallaka titi, kekuna ne ba iyaka, Raleigh da Phoenix, mutum dubbai suna fitowa lokaci ɗaya wasu dubban suna shiga, kowa kansa da girarsa da gashin bakinsa fari fat da burbushin auduga, yaro matashi sai ka ɗauka tsoho ne. Mu yara mukan hau katangar wani gida mu zauna muna kallo muna neman namu uban a cikin taron, ni kam ta hular Baba nake gane shi don shi ko a wurin aiki ba ya rabuwa da hula.

Gidan da muka taso gidan haya ne irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki a can ƙarshe. Mu ne Hausawa a ciki mu da wasu mutanen Zazzau, sai wani ɗan Tibi da iyalinsa da ke sashen kaɗi, sai mutumin Kagoro makaniken inji, sai Igala, sai wani Bayerabe tela da shi ba ya masaƙa amma duk cinikinsa na 'yan masaƙa ne. Hausa kowa ke yi a tsakar gida, 'ya'yan ɗan Tibin nan sun fi ni iya zagi da Hausa ma. Matar mutumin Kagoro Mama muke ce mata, ita kuma tana ce wa Inna Yaya don Inna ta girme ta, kuma ita ce ta karɓi haihuwar ƙanina da daddare lokacin Baba yana aikin dare, ita ta yanke cibi ta dafa ruwan wanka kafin gari ya waye a tafi asibiti. In Sallah ta zo mu ne masu kai tuwo da nama ɗaki ɗaki, in Kirsimeti ta zo Baba ake kira ya yanka musu akuya ko kaji don mu ma mu ci, su da kansu suke cewa Malam zo ka yanka kar yaranka su ƙi ci. Ba wai ba a faɗa ba ne fa, ana yi sosai, kan layin ɗiban ruwa da sharar tsakar gida da wanda ɗansa ya ɓata banɗaki, amma faɗan haya ne, kuma maza ba sa bari ya kwana don gobe tare za su tsaya gaban inji ɗaya, in zarenka ya tsinke ko ka je fitsari na kusa da kai ne zai duba maka.

Inna tana sayar da abinci a bakin get, shinkafa da wake da mai da yaji da rana, da safe kuma koko da ƙosai, kuma tun ina 'yar ƙarama ni ke ɗaukar mata kwanuka in na dawo makaranta. Kusan duk cinikin bashi ne. Tana da wani littafi da yayana ke rubuta mata, kowa da shafinsa, a ci wata guda cur ba a ba ta ko kwabo ba, ita ma mai shinkafa a Kasuwar Monday bashi yake ba ta, mai itace ma haka, kowa yana jiran ƙarshen wata. Ranar albashi kuwa Kakuri ba ta barci. Inna takan shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da get ta zauna da littafinta, suna fitowa da ambulan suna biya, wani har ya ƙara mata ya ce Hajiya ga na sabulu, alhali a lokacin ko Makka ba ta je ba. Masu gidajen haya suna nan, masu adashi suna nan, masu sayar da rediyo da katifa da agogo biya sannu sannu suna nan, mahauta su yanka shanu fiye da kullum, masu tsire su kai tsakar dare. Abin da nake so ku gane shi ne albashin mutum ɗaya a masaƙa ba shi kaɗai yake ci ba, tela da mai faci da mai wanki da mai shayi da malamin allo da ake kai wa kuɗin Laraba duk a ciki suke, banda na ƙauye da ake aika wa kuɗin taki.

Aikin kansa fa ba wasa ba ne, kar ku ji ina yabon zamanin ku ɗauka hutu suke. Sau tari in na kai wa Baba abinci nakan leƙa ta ƙofar sashensu in mai gadi ya yi min alfarma, ƙarar da ke ciki ba a magana, injina jere jere ƙoshiya tana kai da komowa, ƙasa har rawa take yi, ga zafi ga laima don da gangan ake sa damshi a ɗakin kar zare ya riƙa tsinkewa. Ba mai jin maganar wani, da hannu da motsin baki suke zance, har in sun fito waje ma sai ka ga biyu suna hira daga nesa ba sauti. Duk masu saƙa da ƙarfi suke magana a gida, baƙo sai ya ɗauka Baba faɗa yake yi, ashe kunne ne ya fara tafiya, kuma kafin ya tsufa na hagu ya daina ji gaba ɗaya. Waɗanda suka fi shan wuya su ne na inda ake kwance dilolin auduga a shiɓe ta, can ƙurar ta fi yawa, maƙwabcinmu ɗan Tibi tari ya kama shi na shekaru, ƙirjinsa ya riƙa toshewa musamman in ya koma aiki bayan hutu, mu muna cewa sanyi ne ashe audugar ce ta zauna masa a huhu. Baba ya taɓa zayyana min yadda abin yake tafiya, daga dila a shiɓe, a ja ta ta zama kamar igiya mai laushi, a kaɗa ta zama zare, a yi wadari a sa masa kanzo don ya yi ƙwari, a saƙa, sannan a kai wurin wanki da rini da buga zane, kuma yana faɗa yana alfahari, in ya ga mace ta ɗaura atamfa a hanya sai ya ce wannan ƙyallen ta hannunmu ya bi.

Da hutun makaranta akan kai mu ƙauye wurin Kaka, a can na ga ɗaya gefen abin. Da kaka in an cire auduga sai a kai fuloti, wato kasuwar auduga, a duba ta a raba mai kyau da marar kyau a auna a biya, daga nan a kai injin gurza na Funtua wanda Turawan kamfanin auduga na Ingila, BCGA, suka kafa tun zamanin mulkin mallaka, a raba ta da gurya a ɗaure dila dila. Wato kawunnaina suna nomawa a Bakori ƙaninsu yana saƙawa a Kakuri, kuɗin auduga ne ke yi musu aure da rufin kwano. Kaka kuwa har ta rasu ba ta bar kaɗi da mazari ba, tana zaune da alli a yatsa tana murzawa, in Baba ya kawo mata yadi sai ta shafa ta ja ta ce yana da kyau amma ba zai kai saƙi ƙarko ba, shi kuma ya yi dariya ya ce Inna abin da kike kaɗawa a shekara injinmu kafin ki yi alwala ya gama.

Sai kuma yuniyon. 'Yan masaƙa ba a taka su a kwana lafiya, ƙungiyarsu ta ƙasa da aka kafa a 1978 a nan Kaduna hedkwatarta take, kuma Adams Oshiomhole da kuka sani, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa daga baya ya yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki, a 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar masaƙu. Su Baba ba su yi boko ba amma sun san haƙƙinsu, sun san kuɗin ƙarin lokaci da kuɗin hutu da bonas na ƙarshen shekara, in an yi taro ya dawo ya zauna yana yi wa Inna bayani dalla dalla.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Tun farkon shekarun 1980 aka fara jin ana tura mutane hutun dole don babu kayan aiki, sai ga SAP, shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, a 1986 zamanin Babangida, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarin rini duk daga waje ake sayo su sai suka yi tsada, a shekarar ne kuma aka rushe hukumar auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi, kawunnaina da yawa suka koma masara. Duk da haka masaƙu sun yi ta lallaɓawa har cikin shekarun 1990. Abin da ya karya su wuta ce da baƙin mai, don tukunyar tururi ba ta aiki sai da baƙin mai, ga matatar mai a nan Kaduna amma samunsa ya zama wahala, wutar lantarki kuma sai kamfani ya koma janareta, sai kuma aka buɗe ƙofa kayan waje suka shigo, na halal da na fasa ƙwauri, ta Kwatano ta Maraɗi su faɗo Kantin Kwari. Mutane suna cewa Caina ce ta kashe mana masaƙu, ni ban yarda a tsaya nan ba. 'Yan kasuwarmu ne suke ɗaukar zanen atamfar da aka yi a Kaduna su kai can a kwaikwaya har da tambarin su dawo da ita a rabin kuɗi, kuma ba ta sama take shigowa ba, ta kan iyaka take bi a manyan motoci a gaban idon waɗanda aka sa tsaro. Mace mai 'ya'ya shida da za ta yi musu kayan Sallah ba za ka ga laifinta ba don ta sayi mai araha, amma waɗanda ke da ikon hanawa suka ƙi hanawa, su kam ina ganin laifinsu har gobe.

Ana cikin wannan sai rikicin Shari'a na watan Fabrairun 2000 ya faɗo. A lokacin na yi aure ina Makera da goyo, su Baba suna nan gidan hayarmu na da. Ba zan ba da labarin abin da idona ya gani ba yau, sai an zo wurinsa, amma mutumin Kagoro da Mama su suka kulle su Baba da ƙannena a ɗakinsu, shi ya zauna a bakin ƙofar gida yana cewa duk wanda ya zo babu kowa a ciki sun gudu tun jiya, har sojoji suka zo aka fitar da su. Allah ya saka musu da alheri. Bayan an lafa sai kowa ya fara neman inda nasa suka fi yawa, Musulmi suka yi Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Mu'azu, Kiristoci suka yi Sabon Tasha da Television da Romi, masu gidan kansu suka riƙa musaya ko su sayar a wulaƙance. Su Baba suka koma Tudun Wada amma bai bar aiki ba, kullum sai ya tsallako gada ya zo ya tsaya gaban inji da mutanen da jiya suke gida ɗaya, kuma ni a ganina wannan ne ya sa zumuncin bai yanke ba a lokacin, don ko an raba unguwa masaƙa tana haɗa su. Sai aka sake yin wani rikicin a Nuwamban 2002, a shekarar ce kuma KTL ta rufe, saura suka bi ɗaya bayan ɗaya, har UNTL da ake ganin ba za ta taɓa tsayawa ba ta rufe a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya amma ba kamar da ba. Daga nan ne fa aka rabu da gaske, yaron da aka haifa a Rigasa bayan wannan zai iya girma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan Sabon Tasha ba.

Kamfanin su Baba sun je aiki ne wata safiya suka tarar da get a kulle da takarda a manne, aka ce hutu ne na ɗan lokaci za a kira su. Ya ajiye katin aikinsa da takardun lissafin garatuti a cikin wata leda a ƙarƙashin katifa, duk sanda aka ce za a yi taro ko tantancewa sai ya sa manyan kaya ya hau mota ya tafi, ya dawo ya ce an ce wata mai zuwa. Mutumin da ya yi helma ya koma sayar da goro a tire a ƙofar masallaci, abokansa wasu acaɓa wasu gadi wasu suka koma ƙauye da iyali ba su da ko gona, maƙwabcinmu ɗan Tibi aka mai da shi Binuwai da tarinsa can ya rasu. Littafin bashin Inna na watan ƙarshe ba a taɓa biya ba, kuma ba ta taɓa bin kowa ba, ta ce wanda ba a biya shi ba da me zai biya ni. Baba ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ledar tana wurin yayana har yanzu don an ce magada za su iya bi.

In kun bi ta Kakuri yanzu za ku ga dogayen katangu da rufin da ya zube da ciyawa ta fi mutum tsawo a inda injina suke, wasu wuraren an mai da su sito. Kasuwar Monday tana ci, mutane suna nan suna neman na kansu, ba wai garin ya mutu ba ne, amma matasan wurin yawancinsu Keke Napep ne da cajin waya da POS, kuma in ka tambaye su me ake yi da can a bayan wannan katangar wasu ba su ma sani ba. Mama 'yar Kagoro tana raye ta tsufa sosai, tana wurin ɗanta a Sabon Tasha, muna waya, kuma da aka yi auren 'yata ta fari sai da ta sa aka kawo ta har Tudun Wada ta kwana biki.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma baya in ba ku labarin shigata firamare a Makera, da yadda aka yi Baba ya ƙi cire ni daga makaranta lokacin da dangi daga ƙauye suka zo da maganar aure ina aji shida. Ku sa Baba da abokan aikinsa a addu'a. Sai mun haɗu.